Fuskar Kawu da Jan Sa

Gara in faɗa tun daga farko cewa shekaru sun ɗan ja tun da wannan abu ya faru, kuma na ba da labarinsa a majalisa sau da yawa, har ta kai ba na iya rarrabe abin da na gani da idona da abin da na ƙara don a yi dariya. Maganganun da zan sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ba lallai ne kalmominsu ke nan ba. Ko launin san ma an taɓa yi mini gardama a kansa. Ni dai ja na gani.

A shekarata ta biyu a wata kwaleji a Gumel aka ba mu zaɓi tsakanin darussa biyu, na ɗauki wanda ake kira gabatarwa ga nazarin fim. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Na bi ɗaliban da suka gabace mu ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, duk suka ce ba su san wanda ya taɓa faɗuwa a darasin ba, ni kuma babu abin da nake tsoro a lokacin kamar in ga jan biro a gaban sunana. Yawancin 'yan ajin kuwa sun shigo ne da tunanin za a zauna a inuwa a yi ta kallon fim har zango ya ƙare.

Malamin darasin siririn mutum ne mai farin gilashi, yana zuwa da majigi a cikin jakar goyo. Sai a rufe tagogi da tsofaffin labulaye, aji ya koma kamar tanda, ya haska a bango. Fim ɗin farko da ya nuna mana baƙi da fari ne, mutanen ciki suna tafiya da sauri-sauri kamar an zuba musu garwashi a takalmi, baki yana motsi, babu abin da ke fitowa.

"Malam, sifika ta mutu," in ji wani daga baya.

"Ba ta mutu ba. Haka aka yi shi."

"To Allah ya ba waɗanda suka fara kallonsa ladan haƙuri."

Malam bai yi dariya ba. Haka ya bi da mu mako bayan mako, daga finafinan da ba su magana zuwa masu magana, daga baƙi da fari zuwa mai launi, daga majigin da kakanninmu suka kalla a ƙofar fada zuwa kaset, zuwa faifai, zuwa wayar da ke aljihun kowa. Abin da ya fi ɓata wa 'yan aji rai shi ne ba ya barin fim ya tafi. Ana tsakiyar faɗa, an ɗaga sanda, sai ya tsayar, ya juyo ya ce, "Me ya sa kyamara take ƙasa tana kallon sama?" Mu kuma so muke mu ga inda sandar za ta sauka.

Ni dai na rubuta komai. Ɗaukar kusa, ɗaukar nesa, inda haske ya fito, inda aka yanka aka haɗa. Da biro kala uku nake rubutu. Har abin ya bi ni gida. Wata rana Inna da ƙanwata suna kallon wani fim a waya, na leƙa na ce, "Inna, lura da kyau, daga ƙasa aka ɗauke shi. Alamar mai iko ne."

Inna ta ce, "Alamar ka matsa ka ba mu haske ce."

Wajen tsakiyar zango, idan ban manta ba, Malam ya zo da darasin da ya jawo mini abin da ya jawo. Ya ce kusan shekara ɗari da suka wuce, a wata ƙasa mai sanyi, masu fim sun yi wani gwaji, shi kuma ya maimaita shi da fuskar wani maƙwabcinsa. Ya haska. Ga fuskar mutum, sai ga kwanon tuwo. Ga fuskar, sai ga gadon asibiti babu kowa a kai. Ga fuskar, sai ga wata mata tana gyara gyale.

Ya tambaye mu abin da muka gani. Muka ce na farko yunwa, na biyu baƙin ciki, na uku kuwa aji ya ɗauki shewa. Sai ya ce fuska ɗaya ce, ɗauka ɗaya, ya yanka ta uku ya manna. Mutumin ma bango yake kallo.

Aka yi ta gardama. Wata ɗaliba ta rantse ta ga ƙwalla a ta biyun. Malam ya jera fuskokin uku gefe da gefe, aka yi tsit. Ya ce, "Mai kallo ne yake zuba wa fuska abin da ya gani a kusa da ita. Wannan shi ne haɗi, kuma shi ne rabin fim." Daga nan ya raba mu biyu-biyu, ya ce kowane rukuni ya je ya yi nasa da waya: fuska ɗaya marar motsi, abubuwa uku. Makin aikin zai shiga sakamakon ƙarshe.

Wanda aka haɗa ni da shi ɗan garin Sule Tankarkar ne, yana acaɓa a ranakun da babu lacca. Yana da babur, yana da waya mai kyau, kuma ba ya tsoron komai, wato dai duk abin da ba ni da shi. Ya ce aikin kwana ɗaya ne. Muka kwashe mako biyu muna neman fuska.

Ashe samun mutumin da zai tsaya gaban kyamara bai yi komai ba abu ne mai wuya. Abokanmu da sun ga waya sai su gyara hula, su ɗaga yatsu biyu. Mai shayin bakin kwaleji ya daure na ɗan lokaci sannan ya fashe da dariya har ya zubar da madara. Wani dattijo da muka roƙa a tasha ya tsaya cak, muna murna, sai ya fara gaida gwamnati yana roƙon a gyara musu rijiya. Inna kuwa gyale ta ja ta rufe fuska tun kafin in gama bayani.

Ita ce ma ta ce, "Idan fuskar da ba ta motsi kuke nema, ku je wajen Yaya. Ranar aurensa ma ba a gane ko yana so ba."

Kawu yayan Inna ne, dillalin shanu a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi, tun kafin a haife ni. Wanda bai san kara ba zai ɗauka aikin dillali surutu ne. Na Kawu dai ba haka yake ba. Mai saye zai zo daga nesa da niyyar cika mota, bai san dabbobin ba, bai san masu su ba, sai ya damƙa amanarsa a hannun mutum ɗaya. Kawu zai zaga sa, ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya taɓa tozo, ya dubi hanci da kashi, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Duk wannan lokaci mai san ba dabbarsa yake kallo ba, fuskar Kawu yake kallo. In ya ga ido ya yi haske, ciniki ya yi tsauri. In ya ga an yatsina, ya san dabara ce. Don haka Kawu ya daina yin ko ɗaya. Sai sun koma gefe ya ce wa mai saye kalma ɗaya ko biyu a kunne, saya ko bari. Da wannan fuskar ya aurar da 'ya'yansa.

Na same shi ranar kasuwa a rumfar dillalai, shanu na kuka, ana lodin tireloli masu tafiya Kudu, Buzaye sun shigo da raƙuma daga tsallaken iyaka. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye.

"Kawu, aikin makaranta aka ba mu."

"To."

"Hoto nake so in ɗauke ka. Mai motsi."

"Rawa zan yi?"

"A'a wallahi, Kawu. Ba za ka yi komai ba. Zama kawai za ka yi."

"Ba zan yi komai ba, kuma aikin makaranta ne."

"E."

"Boko ya yi sauƙi," ya ce. "Ɗauka."

Na ɗauka. Ƙuda ya sauka a gefen hancinsa, ya yi yawonsa, ya tashi, Kawu bai ƙifta ba. Abokina yana bayana yana raɗa, "Wallahi mun ci, wannan ai gunki ne." Na taka masa ƙafa.

Saura abubuwa uku. Na farko ƙwaryar fura da nono, a tsakar gidanmu na ɗauka. Na biyu gonar gero da ruwa ya yi wa tsaiko a hanyar Ɗanzomo, ganye duk ya naɗe, abokina ya kai ni a babur. Na uku ne muka yi jayayya. Shi ya ce mu bi yadda Malam ya yi, mu sa mace, har yana da wadda zai roƙa. Ni kuwa na kwana biyu ina juya abin a raina. Dattijo mai jikoki, a nuna shi yana kallon matar mutane? Idan Inna ta gani fa? Idan wani ya fassara shi ba daidai ba fa? Na zauna na rubuta abubuwan da ba za su taɓa mutuncin kowa ba, na yi ta sokewa, har na tsaya a kan wanda na ga babu yadda za a yi ya jawo magana. Na ce sa za mu sa. Dillalin shanu yana kallon sa, ina laifi a nan?

Ina so a lura cewa duk abin da ya biyo baya taka-tsantsan ne ya jawo shi, ba ganganci ba. Na sha faɗa wa Inna haka, ba ta taɓa ganin bambancin ba.

Kasuwar da ta zagayo na koma Maigatari ni kaɗai. Na hangi Kawu da baƙi, ban ƙarasa ba. Na yi ta bin shanu da waya, wannan ya kaɗa kai, wancan ya juya mini baya, wani ya nufo ni har na watsar da takalmi ɗaya. Can gefe sai na ga wani jan sa mai dogayen ƙaho a ɗaure shi kaɗai, ya tsaya cak, kai a ɗan sunkuye, ido a lumshe, kamar wanda ya san aikin fim. Na nemi izinin mai shi, ya ce, "Ɗauka mana, har da ni in kana so." A raina na ce wannan sa akwai natsuwa. Ban yi tunanin tambayar dalilin natsuwar ba.

A wayar abokina muka haɗa. Ya yi kyau har na ji tsoro. Kawu da fura, yunwa. Kawu da gona, tausayi. Kawu da sa kuwa, ban san sunan da zan ba shi ba, amma duk wanda ya taɓa ganin saurayi a zance ya san wannan kallon. Abokina ya rage gudun hoton, ya sa wata sarewa mai taushi a ƙarƙashi. Na ce Malam bai ce a sa kiɗa ba. Ya ce Malam bai ce kar a sa ba. Muka rabu a kan zai cire kafin mu miƙa.

Bai cire ba. Bayan haka kuma ya yanke kashi na uku shi kaɗai, fuska da sa da sarewa, ya ɗora a sitatus da hoton jar zuciya. Daga baya ya rantse mini cewa mutum goma sha wani abu ne kawai suke ganin sitatus ɗinsa. Ina jin gaskiya ya faɗa. Sai dai rabinsu 'yan acaɓa ne masu jigilar mutane zuwa kara.

Bayan kamar kwana goma Inna ta tare ni a ƙofar ɗaki. "Yaya yana nemanka. Bai yi faɗa ba, bai ce komai ba. Abin da ya tsorata ni ke nan. Me ka yi?"

Na same shi a zaure a kan buzu. Bayan gaisuwa ya miƙo mini wayarsa, 'yar ƙarama mai fashasshen gilashi. Sarewa ta tashi. Ban iya kallo har ƙarshe ba.

"Ka san san nan?"

"A kara na gan shi, Kawu. Ya fi sauran tsayawa wuri ɗaya ne."

"Ya fi su tsayawa saboda ba shi da lafiya. Hantarsa ta taɓu."

Sai ya ba ni labari, a hankali, yana kallon tabarma. Akwai wani Alhaji da ke zuwa daga Kano sayen shanun kiwo, sun fi shekara ashirin tare, bai taɓa sayen ko ɗan maraƙi ba sai Kawu ya duba. A ranar da na ɗauki san, da safe, Alhaji ya ƙyalla ido a kansa yana so. Kawu ya duba ya ce bari. Alhaji ya bari, ransa bai so ba. Kwana kaɗan sai ga bidiyo ya iso masa har Kano. Ya bugo waya ya ce, "Ashe hana ni ka yi don ka ajiye wa kanka." Kasuwar da ta wuce ya zo, ya wuce rumfar Kawu, ya tsaya da wani dillalin. A kara kuma yanzu idan Kawu ya gifta sai a ce ga angon jan sa.

Na ce, "Kawu, a asalin gwajin mace ake sawa. Ni ne na canja."

Ya ɗago. "Me ya sa?"

"Don mutuncinka."

"Da mace ka sa, da an yi dariya kwana biyu, a ce tsoho da sauransa, a wuce wurin. Wa ya damu? Amma sa? Ni da ake ba amana in duba, a nuna ni ina haɗiyar yawu a kan dabbar da na ce a bari? Wa zai ƙara tsayawa a bayana?"

Ya ce Alhaji zai zo kasuwa mai zuwa, in zo in warware abin da na ƙulla, da bakina, a gaban mutane.

Washegari na je ofishin Malam neman shawara. Na zayyana masa komai. Ya cire gilashi, fuskarsa ta washe. "Har Kano? Kuma ya yarda? Kai, ka ga ƙarfin haɗi ko? Ka rubuta wannan a rahotonka." Na ce Malam, sana'ar mutum ce za ta lalace. Ya ce haka ne, haka ne, abin ba daɗi, sannan ya tambaya ko zan turo masa bidiyon ya nuna wa 'yan shekara mai zuwa.

Na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na rubuta bayani a shafi huɗu, na haddace, na kama abokina na ce ko ya kai ni ko in kai sunansa wajen Kawu. Muka isa kara da hantsi. Rumfar ta cika, don labari ya riga mu. Alhaji yana kan benci, ƙaton mutum da babbar riga ruwan toka, yana fifita da hularsa. Kawu yana ƙarshen rumfa, ba su kalli juna ba.

Na gaida kowa, na buɗe takarda. "Kusan shekara ɗari da suka wuce, ko da yake masana sun yi saɓani a kan ainihin lokacin, a wata ƙasa..."

"Ɗan nan," in ji Alhaji, "motata za ta yi lodi kafin la'asar."

Na ninke takarda. Na karɓi wayar abokina na nuna musu aikin gaba ɗaya, kashi uku, ina bayanin cewa fuska ɗaya ce aka maimaita. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Na zaci magana ta ƙare.

"Kai, a nan yunwa yake ji," in ji wani dillali mai jan rawani. "Dubi leɓensa."

"Gonar wa ce wannan? Ka ga yadda jikinsa ya yi sanyi. Allah sarki."

"To ai ga shi nan, a na ukun idon ya canja. Wannan ba irin na furar ba ne."

"Wallahi iri ɗaya ne," na ce. "Ɗauka ɗaya ce."

Wani baƙo daga Damagaram ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wannan ne ake koya muku a lakwal?" Makaranta yake nufi. Aka yi dariya. Na lura cewa na shigo da magana ɗaya a kan Kawu, yanzu ta zama uku: yana son san mutane, yana kwaɗayin fura, kuma yana kuka a gonar da ba tasa ba.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Lokacin da ka ɗauki fuskar nan, me yake kallo?"

Wannan ita ce tambayar da ban shirya mata ba. Ni allon waya nake kallo a lokacin, bayana ne yake fuskanta.

"Ranka ya daɗe, ba rana ɗaya na ɗauke su ba. Fuskar ta riga san da mako guda."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. San nan ya yi kasuwa uku ba a saye shi ba. Ranar da ka ɗauki fuskar, yana kara ko ba ya nan?"

"Ban gan shi ba."

"Ba ka gan shi ba, ko ba ya nan?"

"Ina kyautata zaton ba ya nan."

"Kana kyautata zato. Za ka rantse ba shi yake kallo ba?"

Abokina yana zungurina ta baya, yana cewa rantse mana, rantse. Na dubi Kawu. Ko kaffara zan yi daga baya, da na rantse a wuce wurin. Amma bakina ya ƙi. Na ce, "Ba zan iya rantsuwa a kan abin da ban gani ba, amma bisa dukkan alamu..."

Rumfa ta ɗauki hayaniya. Alhaji ya mayar da hularsa, ya dafa gwiwa zai tashi. Kawu ya sunkuyar da kai, karo na farko da na ga fuskar nan ta yi wani abu, kuma ban so abin da na gani ba.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ji kaina ina cewa, "Alhaji, ka ba ni aron fuskarka."

"Me?"

"Minti ɗaya. Ka zauna ka kalli ginshiƙin rumfar nan. Kowa ya shaida ginshiƙi kake kallo."

Ina jin da mu biyu ne da ya ƙi. Amma dillalai suka ce a yi, a yi, Alhaji ai ba ka tsoron hoto. Ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya zuba wa ginshiƙi ido. Mai jan rawani ya je ya dafa ginshiƙin don kada a yi musu daga baya. Na ɗauka. Sannan na fita da gudu ina neman abin da zan haɗa, jama'a na biye da ni suna ba da shawara. A bayan rumfa aka ɗaure wani tsohon jaki na masu ɗebo ruwa, kunne ɗaya a karye, ƙudaje sun yanyame shi. Kafin in yi tunanin ko ya dace, abokina ya karɓe wayar ya ɗauka. A tsaye muka haɗa. Ya ce a sa sarewa? Na ce sa.

Mai jan rawani ne ya fara gani. Ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki don dariya. Na biyun ya ce, "La ilaha illallahu, Alhaji, tun yaushe?" Baƙon Damagaram ya ce shi zai zama waliyyin jakin. Sai da waya ta zaga rumfa kaf sannan ta isa hannun mai fuskar.

Alhaji ya kalla. Ya sake kalla. Ya nisanta wayar daga idonsa ya kalla karo na uku.

"Ginshiƙi nake kallo," ya ce.

"Mun shaida, Alhaji. Ni na dafa shi."

"Wallahi ginshiƙi nake kallo."

"Babu mai musu. Amma idon nan fa, Alhaji, idon nan..."

"Goge," ya ce da ni. Na goge. "Akwai inda yake komawa in an goge, yarana sun nuna mini. Goge can ma." Na goge can ma, a gabansa. Ya sa abokina ya rantse babu wani kwafi, shi kuwa ya rantse nan take, ko numfashi bai ja ba.

Alhaji ya miƙe ya karkaɗe riga. Bai ba da haƙuri ba, ban kuma zaci zai bayar ba. Ya tsaya yana kallon wajen rumfa, kamar da iska yake magana, ya ce, "Akwai wasu bijimai biyu can wajen masu raƙuma. Tun safe nake zagaya su, ban yarda da haƙoran ɗaya ba."

Kawu ya ɗauki sandarsa, ya sa takalmi ba tare da gaggawa ba. Da ya zo gifta ni ya tsaya. Na durƙusa ina jiran ko faɗa ko sa albarka.

"Wannan abin da kuka yi wa jaki," ya ce a hankali, "shi ma maki ake ba ku?"

"A'a, Kawu."

"To ka tafi gida."

Suka nufi wajen raƙuma, Alhaji a gaba, Kawu a bayansa kaɗan, yadda aka ce sun saba.

Na ci darasin, ba da makin da na so ba. Malam ya rage mana saboda sarewar, ya rubuta a gefen takarda cewa kiɗa ya taimaka wa mai kallo fiye da kima, don haka ba a tabbatar haɗin ne kaɗai ya yi aiki ba. Na karanta wannan sau da yawa, kuma a ganina yana da gaskiya. Sunan angon jan sa bai bar Kawu gaba ɗaya ba, ko da yake an ce yanzu sa'o'insa ne kawai ke faɗa, su ma sai Alhaji ba ya kusa, don shi ma akwai abin da ake ce masa. San kuwa ban san ƙarshensa ba. Wasu sun ce mahauta ne suka saye shi, wasu sun ce mai shi ya koma da shi daji.

Abu ɗaya ne har yau yake damuna. Na taɓa tambayar Kawu, bayan abin ya huce, me yake kallo ranar da na ɗauke shi. Ya ce shi ba ya tuna abin da bai da amfani. Abokina da ke tsaye a bayana ya ce tayar tirela ce, wani lokacin kuma ya ce mai rake ne, don haka ban ɗauki shaidarsa ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda yake rumfar dillalai a waɗannan ranaku biyu, ko wanda muka yi ajin nan tare, idan ya ga na ƙara ko na rage, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Musamman wanda ya san ko jan san nan yana kara a kasuwar farko, da kuma ɓangaren da aka ɗaure shi. Ni na yarda da Kawu ɗari bisa ɗari. Ina so ne kawai, idan aka sake tambayata, in iya rantsewa.